Baƙon Yakaka

Shekarar da kogin Haɗejiya ya ci unguwarsu har bakin zaure, Abdulfattah ya ɗauke injinsa daga shago ya kai ɗakin marigayiya kakarsa Yakaka. Tun zuwanta daga bakin Tafkin Chadi take barin ɗakin nan fayau duk damina, ba ta taɓa faɗin dalili ba. Matarsa Barira ta yi masa magana. To, kun san ɗan boko, cewa ya yi ɗakin ya fi tudu.

Injin nan shi ne abincinsa. Kwamfuta ce irin wadda ake kira uwar garke, tana ɗauke da shafukan intanet uku: na manoman shinkafa, na masunta, da na wata Islamiyya a Kafin Hausa. Da yake injin ba ƙarfi gare shi ba, ranar sai ya haɗe musu ma'aikata wuri ɗaya, wato ƙananan manhajoji takwas masu fassara umarni ya zama shafi. Duk shafin da aka buɗe, sai ya ja wanda ba ya aiki, in ya gama ya sake shi.

Magariba ta kawo kai. Kwaɗi suka yi tsit. Abdulfattah ya ƙirga ma'aikatan a allo, ya ga tara. Ya kashe na taran, abin ya dawo. Sai tsakuwa ta faɗo kan kwano, wata ta bi ta. Da ya juya, ga 'yarsa Jannat tsaye a bayansa, ruwa na ɗiga daga kitsonta, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

Kwana uku ba ta fita daga ɗakin ba. In an ja ta bakin ƙofa, sai ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhun shinkafa. Duk sanda wani ya buɗe shafi a wani gari, sai jikinta ya fizge. Abdulfattah ya cire wuta, ya cire batirin sola, fitilar injin ba ta mutu ba. Ruwa ya datse hanya, ba asibiti, ba inda za a gudu. Tsoro ya kama shi.

Rana ta huɗu bayan la'asar Malam Nu'uman ya iso a kwalekwale. Ya zauna ya yi ta karatu, har yarinyar ta buɗe baki da muryar tsoho mai karin Barebari.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Baƙon Yakaka ne. Duk shekarar da ruwa ya ci fadama, nan nake sauka. Bana na tarar da ƙarfe a wurina, na shiga ciki in raɓa. Ashe ba mai wurin kansa a ciki. Masunta su ja ni, manoma su ja ni, ko zama ban yi ba."

"Yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Dokar mai gida na bi. Wanda ba ya aiki, a ja shi. Na tarar ba ta aikin komai."

Barira ta toshe bakinta da mayafi.

"Ka ji tsoron Allah ka sake ta," Malam ya ce.

"A ba ni ɗakina. In ruwa ya janye, ni ma in janye."

Abdulfattah ya zauna gaban allo. Ya raba ma'aikatan, kowane shafi da nasa. Sannan ya buɗe shafi na huɗu, ba suna, ba adireshi, ya ware masa gurbi ɗaya, ya sake tayar da injin. Na taran ya koma can ya natsu. Jannat ta sulale ƙasa, ta ce da muryarta, "Umma, yunwa nake ji."

Da ruwa ya janye, gurbin ya koma fanko. Injin ya koma shago, ɗakin Yakaka ya koma fayau, amma shafi na huɗu yana nan. Bara abokin sana'arsa Badamasi ya gani, ya ce ɓata wuri ne kawai, ya kai hannu zai goge. Abdulfattah ya damƙe masa hannu.

"Bar shi. Kogi ya fara cika, kuma an ba 'yan makaranta hutu. Jannat tana gida, ba ta aikin komai."