Kujerar Baya

Yaya Babba ta dangwarar da kofin shayi a kan tebur har ya fantsalo.

"Tokar? Wannan mai kama da firij an kwantar da shi? Haba Auta! Motarka ta farko a duniya, ka rasa wadda za ka saya sai wannan?"

Auta ya sosa ƙeya, wayarsa a hannu da hoton motocin biyu. Duk ƙananan jif ne, 'yan daidai, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya ja ce wur, bayanta a lanƙwashe kamar an goge shi da dutsen guga. Ɗayar ruwan toka, rufinta a miƙe, ba ta da wani kwalliya.

"Ni ma jar ce a raina, Yaya," ya ce. "Malama ce dai ta ce..."

"Malama! Malama! Kullum Malama! Wai ita ta haife ka ne?"

Malama, matar Auta, tana durƙushe a gefen kujerar surukarta Hajiya tana gyara mata matashin baya. Ta ɗago a hankali. "Yaya, shawara ya nema na ba shi."

"Ke rufe min baki! Ai na gan ki da idona ran da muka je gidan motocin. Mace mai son mijinta gaba take zama, ta duba madubi, ta taɓa rediyo. Ke kuwa ko kallon kujerar gaba ba ki yi ba. Sai baya! Ki buɗe, ki zauna, ki fita, ki sake zama, har dillalin yana dariya. Wato ke ga uwar ɗaki, ƙanina kuma ga direba ko?"

Gaskiya ne, haka Malama ta yi. Amma abin da Yaya Babba ba ta sani ba, Malama ce ke raka Hajiya asibiti gashin ƙashi duk sati, a tasi, idan Auta ya tafi kemis ɗinsa. Ƙugun Hajiya ya lalace, wuyanta ba ya sunkuyawa. Ba ta iya shiga mota sai ta juya baya ta zauna tukuna, sannan a ɗaga mata ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya kuwa ta riƙe hannun Malama ta sa ta alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, don ta san ran da Yaya Babba ta ji, ran nan za ta kwashe ta daga ɗakin marigayi mijinta ta kai ta gidanta ta ajiye.

Malama ta kalli Hajiya. Kalma ɗaya tak take jira. Hajiya ta sunkuyar da ido tana jan carbi, kamar ba a falon take ba. Kai, wannan shiru ya fi zagin ciwo!

A gida ma ba ta canza zani ba. Auta ya jefar da hularsa kan gado.

"Ki faɗa min gaskiya, me kike nema a kujerar baya?"

"Ƙofar tokar ta fi buɗewa, rufinta ya fi tsawo. Na faɗa maka."

"To sai me? Ke doguwa ce? Wa zai zauna a bayan, mu da ko ɗa ba mu da shi tukuna?"

Nan ya taɓa mata inda ke ciwo. Ta miƙe tsaye. "Ashe haka ka ɗauke ni? Ni da na hau bayan babur ɗinka cikin ruwan sama muna dariya, yau ni ce zan mayar da kai direba? Yayarka ta faɗa, na haɗiye. Amma kai? Kai da ka san ni?"

"To ki ba ni dalili mana!"

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Shi ke nan. Matar da ke ɓoye min abu a kan mota, me kuma take ɓoye min? Jar zan saya. In kuma zama da ni a gaba ya fi ƙarfinki, ki faɗa, kowa ya kama gabansa."

Ta shige banɗaki ta saki famfo don kada ya ji kukanta. Haushi kamar ya kashe ta. Har ta ɗauki waya za ta kira Hajiya ta ce ta warware mata alkawarin nan, sai ta tuna yadda tsohuwar ke cije leɓe a tasi don kada direba ya ji nishinta. Ta ajiye wayar. Sati guda suka yi suna gaisuwa kamar maƙwabta.

Ran ɗauko mota, Yaya Babba ta sha ado kamar ita ce mai sayen. Ta dage lallai sai an zo da Hajiya, ita za ta fara shiga ta sa albarka. Malama ce ta taho da ita a tasi kamar kullum, suka sauka tun daga bakin titi don kada a ga yadda take fita.

Jar motar na tsaye tana sheƙi, dillali sai zuba yake. "Yallaɓai ka iya zaɓe! Wannan in ka shigo layi, kowa sai ya leƙo."

"Faɗa musu dai!" in ji Yaya Babba, tana ɗaga waya. "Hajiya bismillah, shiga in ɗauke ki. Ke kuma matsa can, kar ki ɓata min hoto."

"Yaya, bari in taimaka mata..."

"Na ce matsa! Uwarki ce ko tawa?"

Malama ta ja da baya. Hajiya ta dafa ƙofar. Ƙofar ba ta buɗe sosai ba, babu wurin juyawa. Don kada 'ya'yanta su gane, sai ta yi yadda masu lafiya ke yi, ta zura ƙafa ɗaya ciki. Goshinta ya daki lanƙwasasshen rufin nan—ƙum! Ta nemi sunkuyawa, wuya ya ƙi. Ƙugun ya riƙe.

"Wayyo Allah! Ƙuguna!"

Ta maƙale, rabi ciki rabi waje. Auta ya ruga ya kama hannunta zai ja.

"Kar ka ja ta!" Malama ta daka masa tsawar da bai taɓa ji a bakinta ba. Ta ture wayar Yaya Babba gefe, ta durƙusa a kan siminti, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatar Hajiya. "Jingino a kaina, Hajiya. Yawwa. Sannu. Saki ƙafar, ni zan fito da ita."

Da ta fito da ita, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta taka da ita a hankali zuwa tokar da ke gefe, ta wangale ƙofar baya har ƙarshe. Hajiya ta juya baya, ta zauna, ɗankwalinta ko taɓa rufi bai yi ba. Malama ta ɗaga ƙafar dama, ta ɗaga ta hagu. Shi ke nan, an gama.

Auta ya tsaya baki buɗe. Irin zaman nan ne sak Malama ta yi ta gwadawa ran da aka yi mata dariya.

Hajiya ta fashe da kuka. "Ni ce azzalumar, ba kowa ba. Tun bara yarinyar nan ke ɗawainiya da ƙuguna. Ni na hana ta magana. Ina zaune aka ci mutuncinta saboda ni, na yi shiru don kada a raba ni da ɗakina. 'Yata, ki yafe min."

"Hajiya, ke da ciwo, mu ba mu sani ba?" Yaya Babba ta faɗa.

"Ina za ki sani? In kin zo, labulena kike dubawa da kayan kicin. Kin taɓa duba yadda nake tashi daga kujera? Kuma ki ji da kyau, ba inda za ni."

Yaya Babba ta cusa wayar a jaka. Da ƙyar ta iya cewa, "Malama, na yi kuskure."

Auta ya durƙusa kusa da matarsa, nan kan simintin, bai damu da dillali ba. "Na ce ki ba ni dalili, alhali ke kanki kin isa dalili. Don Allah ki yi haƙuri."

Malama ta share ido da bakin mayafi. "Na ji zafin maganarka, ba zan ɓoye ba. Mota ƙarfe ce, amma ka kusa sakina a kanta."

"Wallahi ba zan ƙara ba."

"Yallaɓai," dillali ya yi gyaran murya, "wacce za a rubuta?"

"Firij ɗin," in ji Auta. Har Hajiya sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Jama'a, kada ku yanke wa mutum hukunci a kan abin da idonku ya gani alhali ba ku san abin da ya ɗauko a zuciya ba. Kuma wanda aka riƙe wa amana, kada ya bari mai riƙon ya sha wuta shi kaɗai. Haƙurin Malama bai faɗi ƙasa ba.

Da aka miƙo makulli, Yaya Babba ta nufi ƙofar gaba kamar yadda ta saba. Hajiya ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Ke, dawo nan baya ki riƙe min sanda. Gaba wurin matar gida ne."

Malama ta shiga ta zauna kusa da mijinta, ta ja madubi ta gyara ɗaurinta, ta kunna rediyo.