Gurbi Ɗaya, Lauyoyi Biyu

Ngodoo ta ajiye wayarta a kan teburin Zakiyyu, ta tura masa ita har ta bugi kofin shayinsa.

"Karanta."

Ya ɗago da murmushin da ya saba tarbarta da shi kowace safiya, amma yana ganin idanunta sai murmushin ya gushe.

"Doo, lafiya?"

"Ka karanta, Barista Zakiyyu... sunanka ne a ƙasa."

Saƙo ne daga hukumar gwamnatin tarayya da su biyun suka nemi aiki a sashenta na shari'a. An dakatar da batun ɗaukarta, domin wani ya shigar da ƙorafi cewa ita ba 'yar asalin jihar Nasarawa ba ce, 'yar Binuwai ce da ta sayi takardar shaidar asali a ƙaramar hukumar Awe. An ba ta kwana bakwai ta bayyana gaban kwamiti a Abuja ta wanke kanta. An haɗo mata da hoton takardar ƙorafin, kuma a ƙasanta ga sunan Zakiyyu baro-baro, ga sa hannu.

Ya karanta sau biyu. Ya miƙe tsaye ya rantse mata da Allah bai taɓa ganin takardar ba. Ita kuwa ba ta ce ya yi ƙarya ba, ba ta kuma ce ta yarda ba.

"Da aikin kake so, Zakiyyu, da ka faɗa min. Wallahi da na bar maka."

Ta ɗauki wayarta ta fita, ta bar shi tsaye.

Shekara huɗu ke nan suna aiki a ofishin lauyoyi ɗaya a kan titin Jos, cikin garin Lafia. Ngodoo 'yar ƙabilar Tibi ce, mahaifinta Baba Akaa manomin doya ne a wani ƙauye da ke bayan Awe. Zakiyyu kuwa ɗan 'yan kasuwa ne, a Lafia aka haife shi, mahaifinsa ya rasu ya bar shi da mahaifiyarsa Hajiya Rabi da yayansa Muntaka, wanda ke riƙe da shagon yadi na gidansu. A barandar kotu soyayyarsu ta fara, ranar da alƙali ya ɗage shari'unsu duka biyu, ruwan sama ya tsare su, suka raba gasasshiyar masara guda. Tun daga nan ya daina kiranta Ngodoo, ya koma Doo, don ta gaya masa a yarensu kalmar tana nufin abu mai kyau.

Gidajen biyu babu wanda ya yi murna. Hajiya Rabi ta ce ita ba ta ƙi yarinyar ba, amma addini ba ɗaya ba, abinci ba ɗaya ba, ina za a fara? Baba Akaa kuma ya ce bai tura 'yarsa karatun lauya don a kulle masa ita a gida a raba ta da cocinta ba. Haka suka yi ta lallaɓawa, kowa na jiran zuciyar nasa ta yi laushi.

Ana cikin haka hukumar ta yi tallar ɗaukar lauyoyi. Duk ƙaramin lauya a Lafia ya san darajar irin wannan aiki: ka ba hukuma shawara, ka tsara mata yarjejeniya, ka tsaya mata a kotu, ga albashi kan kari, ga ƙarin girma, ga fansho. Ba irin zaman da suke yi ba, kullum ana jiran wanda zai shigo da rigimar fili. Tare suka cike fom a kwamfuta ɗaya, tare suka yi bita, tare suka je jarrabawa da intabiyu. Sai da sakamako ya fito suka san gurbi ɗaya tak aka ware wa jiharsu. Ngodoo ce ta ɗaya. Zakiyyu ne na biyu, da tazarar maki uku.

Ranar ya fi ta rawar kai, har tsire ya saya wa kowa a ofis.

Abin da ya fi ci mata rai ke nan yanzu. Idan aka cire ta, shi za a ɗauka.

Kwana biyu ba ta fita daga ɗakinta na unguwar Bukan Sidi ba. Zakiyyu ya kira har ta daina ƙirgawa, ba ta ɗauka ba. A rana ta biyu kiran ya tsaya cak, sai ta ga ashe shirun ya fi kiran ciwo. Ta ɗauko takardar shaidarta ta asali ta yi ta kallo. A ƙauyen aka haife ta, a nan aka binne cibiyarta, a nan kabarin kakanta yake, amma tun tana firamare ake tambayarta yaushe za su koma garinsu.

Da hantsin rana ta uku aka yi sallama a ƙofarta. Ta buɗe, sai ga Hajiya Rabi a tsaye cikin mayafi, riƙe da kwanon abinci.

Ngodoo ta durƙusa ta gaishe ta, ta rasa inda za ta sa kanta. Matar da ba ta taɓa amsa gaisuwarta da fiye da kalma biyu ba, yau ga ta zaune a bakin katifarta.

"An ce min ba kya cin abinci," in ji Hajiya. "Ci tukuna, sannan in faɗa miki abin kunyar da ya kawo ni."

Sai da Hajiya ta ga ta kai loma uku sannan ta fara. Muntaka ne ya rubuta takardar. A ɗakin Hajiya ya ɗauki lambar neman aikin ƙaninsa, ya kai wa wani mai buga takardu, ya kwaikwayi sa hannun. Da Zakiyyu ya tsare shi a shago bai ma musa ba. Ya ce taimakon ɗan'uwansa ya yi, kuma jifa ɗaya tsuntsu biyu: Zakiyyu ya samu aiki, yarinyar kuma ta yi fushi ta kama gabanta.

"Na tambaye shi, kai Muntaka da kake cewa wata ba 'yar ƙasa ba ce, kakanka daga ina ya zo? Daga Katsina ya zo da jakuna biyu yana sayen gishiri." Hajiya ta gyara mayafinta. "Ni ban so aurenku ba, 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Amma ban haifi azzalumi ba, kuma ba zan ci abincin da aka ƙwato daga bakin 'yar wani ba."

Hawayen da Ngodoo ta riƙe kwana biyu suka zubo.

"Mama... ina yake?"

"Ya tafi ƙauyenku tun jiya."

Hajiya ba ta daɗe da fita ba Baba Akaa ya kira. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce wannan yaro nata ya zo ya hana kowa sakat. Ya je makarantar mishan ta ƙauyen ya sa an buɗe tsohon akwati, ya yi ta shaƙar ƙura har ya gano rajistar da aka rubuta sunan Baba Akaa yana ɗan aji ɗaya. Ya je wajen dagaci, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya zauna a benci tun safe har la'asar. Ya bi wata tsohuwa mai dafa gishiri har bakin murhunta, don an ce ta san kakan Ngodoo.

"Na ba shi sakwara, ya cinye duka," in ji Baba Akaa. "Lokacin salla ya yi, na shimfiɗa masa buhu a gindin mangwaro. Yaron yana da kunya."

Daga bakin mahaifinta, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ta kira Zakiyyu. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ka yafe min," ta ce.

"Ko ni ne na ga sunanki a irin takardar nan, sai zuciyata ta girgiza. Kin ci abinci, Doo?"

"Mama ta kawo min."

"Wace Mama?"

"Taka."

Ta ji ya ja dogon numfashi, sannan ya yi wata 'yar dariya mai kama da kuka.

Ranar Litinin suka kama hanyar Akwanga tun da sassafe, ƙarfe goma suna Abuja. Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata dattijuwar lauya mai farin gilashi. Da aka kira mai ƙorafi, Zakiyyu ya miƙe. Da aka tambayi wanda zai tsaya wa wadda ake ƙorafi a kanta, bai zauna ba.

Dattijuwar ta sauke gilashinta ta dube shi.

Ya miƙa takardar rantsuwa cewa ba shi ya rubuta ƙorafin ba, wani nasa ne ya yi da sunansa ba da saninsa ba. Ya jera hoton rajistar makaranta, da wasiƙar dagaci, da tabbacin ƙaramar hukuma cewa takardar Ngodoo daga hannunsu ta fito. Ngodoo ta amsa tambayoyinta da kanta, ɗaya bayan ɗaya.

Shugabar ta tambaye shi ko ya san cewa da wannan ƙorafi ya tsaya, shi ne zai samu gurbin.

"Na sani, ranki ya daɗe. Amma ta fi ni maki uku, kuma kakanta ya riga nawa zuwa jihar. Idan ita baƙuwa ce, to ni ban ma sauke kaya ba."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya rufe bakinsa da hannu. Dattijuwar ba ta yi dariya ba, ta dai daɗe tana rubutu, sannan ta ce su je za su ji.

Bayan mako biyu takardar ɗaukar aiki ta iso, da sunan Ngodoo Akaa.

Baba Akaa da kansa ya aiko a ce wa Zakiyyu ya turo manyansa. Sharaɗi biyu ya kafa: ba za a hana ta aikinta ba, ba za a hana ta cocinta ba. Kawun Zakiyyu ya amsa a gaban dangi, Hajiya Rabi kuma ta ce ita ce shaida. Aka yi na al'ada a ƙauye, aka ɗaura aure a Lafia, aka ci sakwara da miyar agushi a gefe guda, tuwon shinkafa da taushe a ɗaya gefen, kafin la'asar kwanukan sun gauraye ba a san na wa ke hannun wa ba.

Muntaka ya zo ɗaurin aure, amma can baya ya tsaya. Ko sau ɗaya bai yarda sun haɗa ido da amarya ba.

Ranar da za ta tafi kama aiki, tana cikin haɗa jaka da safe sai suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Zakiyyu ya leƙa ya dawo fuskarsa a ɗaure, ya ce Yaya ne. Watanni ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ngodoo ta yafa gyale ta fita. Muntaka na tsaye jikin motarsa yana juya makulli a hannu, babban mutum mai iyali, amma ya kasa ɗaga kai.

"Na ce ko in kai ku Abuja... motar haya ba daɗi da kaya. Barista, abin da na yi miki, ban da bakin da zan..."

"Yaya," ta katse shi a hankali, "shigo ka karya tukuna. Hanya da nisa."

Ya ɗago ya dube ta, idanunsa suka kaɗa. Ya sa gefen hularsa ya share fuska, ya bi ta ciki. Zakiyyu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jawo masa kujera, ya zuba masa shayi da hannunsa.

A hanya Muntaka na tuƙi, su biyun suna baya. Sun wuce Nasarawa Eggon, duwatsu na ta gudu a gefen titi, sai ta sa hannunta cikin nasa. Za ta riƙa dawowa duk Juma'a, shi kuma zai ci gaba da zama a ofishin titin Jos yana jiran masu rigimar fili. Abin ya tsaya mata a rai tun ranar kwamiti.

Ta matso kusa da kunnensa.

"Masoyina, faɗa min gaskiya. Ba ka taɓa yin da-na-sani ba?"

"Sau ɗaya," ya ce. "Ranar da na ga albashin a takardarki."

Ta kai masa ɗan duka a kafaɗa, tana dariya tana share ido. Ya riƙe hannun bai sake ba.

"Aiki za su sake tallarsa baɗi, Doo, in Allah ya kai mu zan sake nema. Ke kuwa da na bari kin wuce, wa zai sake min tallarki?"

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. A gaba, Muntaka ya ƙara murɗa rediyo, ya kafa idonsa a kan titi.