Tuwon Illiya

A shekarar da aka sauya wa ƙasar suna ne, a Zongon Wagadugu. An idar da sallar magariba, unguwa ta yi tsit. Indabo mai goro ta kwashe tuwo, ta ajiye akushi a ƙofar turakar mijinta Illiya, ta ce, "Malam, ga abinci." Shekara tara ke nan tana haka, tun ranar da kamiyo, babbar motar dakon goro, ya kife da su a hanyar Kumasi. Ita ta fito da rai, shi can aka binne shi.

Ran nan sai aka amsa daga ciki: "To."

Dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, wani ya biyo shi. 'Yarta Raliya, da ke zaune da littafin lekol, wato makarantar boko, ta miƙe a hankali ta nufi turakar, idonta a kafe. Da ƙyar Indabo ta riƙe ta, jikin yarinyar sanyi ƙalau kamar randa.

Magariba uku ana haka, sannan aka ɗauko Malam Jibrilla. Ya yi ta karatu har Raliya ta buɗe baki, wata tsohuwar murya ta fito.

"Ɗan aike ne ni, Malam, daina ƙona ni."

"Aiken wa?"

"Ranar da motar ta kife, ranar ta tsage biyu kamar goro. A ɓarin nan mijin Indabo ne ya mutu. A wancan ɓarin ita ta mutu, ƙyanda ta ɗauke yarinyar. Yana zaune shi kaɗai a ɗakin nan, kullum yana jin ana kiransa cin tuwo. Ya ce in kawo masa 'yarsa."

Amma Indabo ita ce wadda ko dillalan Kumasi ba su taɓa yi wa wayo ba. Ta matso.

"Ba ka isa ba. Faɗi wani abin."

"Shekara a can, shekara a nan."

"Albarka."

"Wata ɗaya."

"Ko yini. Ni na yi naƙudarta."

Ƙafar yarinyar kuwa tana jan ƙasa, tana neman ƙofar, sai muryar ta ce:

"To rufe hanyar da kika buɗe. Kira shi da sunansa, ki gaya masa ya mutu. Masu amsa Malam suna da yawa, ba zai san da shi kike ba."

Tunda aka kai Indabo gidan nan ba ta taɓa faɗar sunan mijinta ba, ko a bayan idonsa. Ta dubi Malam Jibrilla, ya sunkuyar da kai. Yatsun Raliya sun kai dokin ƙofa.

"Illiya," ta ce. "Ka mutu. Ni na ga gawarka. Ka bar mini 'yata."

Daga cikin turakar aka ja dogon numfashi. Raliya ta yi atishawa sau uku ta zube a jikin uwarta.

Da ta farfaɗo ta ce, "Inna, na ga Baba. Ya yi furfura."

Indabo ta tambaye ta:

"Ya rame?"

"Sosai."

Ta ƙara ƙanƙame yarinyar, ba ta sake tambaya ba.