Irin da Ya Nutse

"Na ce maka ba bana ba, Ɗanmusa… ka daina tambayata."

Zulaihatu ta faɗi haka ne da ƙarfin hali, amma idonta cike yake da hawaye. Mahaifinta Malam Idirisu ya makance bara, kuma ita kaɗai ta rage masa a ƙauyensu da ke gindin duwatsun Dutse. Ta rantse ba za ta shiga ɗakin miji ba sai gonarsa ta yi tsiro.

"To me ya hana shukar, sanyin idona? Ga ruwa ya sauka."

Ta ɗebo irin geronsu ta zuba a ƙwaryar ruwa, kamar yadda mahaifiyarta ta koya mata. Mai lafiya yakan nutse, wanda ƙwaro ya rarake cikinsa kuwa sai ya taso. Kusan duka ya taso. A ido gero ne, a ciki ba komai. Shekarar kuwa kowa ya koma gyaɗar da Turawa ke saye a Kano, iri ya yi wuya.

Ɗanmusa ya juya ya tafi, ko sallama babu. Ranta ya ɓaci, ta ɗauka ya gaji da ita ke nan. Ita dai ba ta san irin taurin kansa ba!

Kafin azahar sai ga shi da ɗan buhu a kafaɗa. Ya durƙusa gaban tsohon, ya juye a ƙwaryar ruwa. Malam Idirisu ya shafa saman ruwan, bai ji komai ba. Ya tura hannu ƙasa, sai ya damƙo gero cike da tafi, mai nauyi kamar yashi.

"Wannan ba namu ba ne. Na wa ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Duka ka kwaso? Taka gonar fa?"

"Ta huta bana, Baba… ba za ta gudu ba."

Zulaihatu ta rufe fuska da mayafi, sonsa ya cika mata ƙirji.

Tsohon ya daɗe hannunsa na cikin ruwa. Can ya ce, "Zulai, ɗauko mana fartanya, irin da ya jiƙa ba ya kwana. In mun dawo, ki aika a kira mini liman, a sa ranar aurenku."