Ƙulli Uku a Likkafanin Wagiman

Alhamis ɗin farko ta kowane wata nake kai wa Kang Wagiman abinci. Kang shi ne yaya a wurinmu. A ranar mota ta makara, sai dab da magariba ta ajiye ni a mararraba. Na rungumi ƙunshin shinkafa da soyayyen kifi a ganyen ayaba, na bi siririyar hanyar da ta ratsa gonakin shinkafa. An sha ruwa da rana, kwaɗi sun cika ko'ina da kuka.

Gidansa ne na ƙarshe, can bayan kurmin gora. Ba shi ya zaɓi nisa ba, mutane ne suka ƙi maƙwabtaka da shi. Fim arba'in da ɗaya ya yi a Jakarta, a kowanne kuma shi ne pocong, wato mamacin da aka binne ba a kwance masa ƙullin likkafani ba, ya fito yana tsalle yana neman mai kwance shi. A zamaninsa hotonsa ne a ƙofar kowace silima, fuska fara fat, zagayen ido baƙi ƙirin, auduga a hanci. Da sunansa iyaye mata ke korar yara cikin gida. Bai taɓa aure ba, don babu wadda ta yarda ta farka ta ga wannan fuskar a gefenta. Alhali mutumin nan in ya ga kyankyaso kan kujera yake hayewa.

Ni ce mai ɗaure shi a wurin ɗaukar fim. Shekara ashirin da biyu ina naɗe shi a farin yadi, in yi ƙulli uku, na ƙafa, na ƙugu da na kai. Hannuwansa na ciki, ko ƙuda ba ya iya korewa. Da darakta ya ce an gama, kowa sai ya ruga wajen abinci, a bar tauraron fim kwance a rami. Ni kaɗai ke sauka in kwance shi.

"Mirah," ya taɓa ce mini yana murza wuyan hannunsa, "ran da na mutu, ki tsaya ki ga an kwance ni. Na gaji da jira a rami."

"Ka mutu tukuna, Kang. Kullum sai ka mutu, har yau ba ka yi ta gaske ba."

Ya yi dariya har da tari. Amma na ɗaukar masa alkawari. Shi ba shi da kowa, ni ma tun da mijina ya rasu ba ni da kowa.

Ƙamshin sigarinsa mai kanumfari ne ke tarbata tun daga kurmin gora. A ranar ban ji shi ba. Babu fitila a taga. Can nesa aka fara buga gangar masallaci mai sanar da lokacin salla.

"Kang! Baƙuwarka ta iso. Ko sai na bushe a tsaye?"



Na tura ƙofa. Warin kafur ya dake ni, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Dim.

Daga ƙuryar ɗaki ƙarar ta fito. Na san ta. Ƙafa biyu ne a haɗe suke sauka lokaci guda.

Dim.

Sai ga shi a bakin ƙofar ciki, fari tun daga sama har ƙasa. Wallahi haushi na fara ji, ba tsoro ba.

"Tsoho da kai! Ina gwiwar da kake kuka da ita? Wa ma ya ɗaure ka?"

Tambayar tawa ce ta tsayar da ni. Mutum ba ya ɗaure kansa a likkafani. Kuma ban da ni babu mai shiga gidan nan.

Ya sake tsalle ɗaya, ya shigo ɗan hasken da ya rage a bakin ƙofa. Na dubi ƙullin ƙafar. Ba nawa ba ne. Ni zarge nake yi, ja ɗaya ya warware. Wannan an ɗaure shi tamau. Yadin fim da ruwan shayi muke rina shi don kada ya yi ƙyalli. Wannan sabo ne dal, jan laka ya ɓata gefensa.

Kwaɗin suka yi tsit.

"Kang," na ce a hankali. "Yaushe?"

Dama in yana ɗaure ba ya magana. Ya ɗan sunkuyo, yadda yake yi in yana jirana.

Ƙunshin abincin ya suɓuce mini. Na durƙusa.

Ƙullin ƙafa ya jiƙe, ya ƙi farce. Na sa haƙori. Na ji ɗanɗanon ƙasa a bakina. Ya warware.

Na ƙugu. Sanyin jikinsa na ratsa yadin kamar na randa. Yatsuna suka ƙage, na dai ci gaba da ja. Shi ma ya warware.

Saura na kai.

Dole in miƙe. Dole in ɗaga ido.

Sau dubu na yi wa fuskar nan kwalliya da garin shinkafa da gawayi. Ina taƙama na san kamannin gawa. Ashe ban sani ba.

Babu gari a fuskar. Ido ɗaya a buɗe. Wata tururuwa ta fito daga audugar hancinsa.

Na kai hannu. Sai ya kifo goshinsa a kafaɗata.

Nauyi. Sanyi. Numfashina ya tsaya, na ji kamar ƙasa ake zuba mini a ƙirji.

Na ture shi.

Na fita a guje. A bayana ban ƙara jin tsalle ba. Taku nake ji, ɗaya bayan ɗaya, yadi na jan ƙasa. Ai ni na sakar masa ƙafa.

Na faɗa cikin ruwan gona, na tashi, na sake faɗuwa. Da rarrafe na kai hasken masallaci, daidai maza na fitowa daga salla.

Liman ne ya ɗaga ni. "Mbah," ya ce, yadda ake kiran tsofaffi a wurinmu, "ba ki ji ba? Ran Litinin ya rasu. Talata muka binne shi."

"Su wa suka shiga ramin?"

Wasu magidanta biyu suka sunkuyar da kai.

"Kun kwance shi?"

Ɗayan, mai furfura a gemu, ya ce, "Mbah, tun ina yaro fuskar nan ke hana ni barci. Da na sunkuya na gan ta a ramin, wallahi ban san lokacin da na fito ba. Muka ce wa Liman an kwance."

"Ƙattin banza! Mutumin da ke gudun kyankyaso kuka guje wa?"

Na faɗa da ƙarfi, amma kunya ce ta kama ni, don ni ma gudun na yi.

Da safe aka tone kabarin. Ƙullin ƙafa a kwance, na ƙugu a kwance, na kai yana nan daram. Maza suka tsaya suna kallon juna. A wurinmu mace ba ta shiga kabari, amma Liman ya kau da kai, na sauka da shekaruna saba'in. Ƙullin bai ba ni wahala ba ko kaɗan.

"Yi haƙuri, Kang," na ce masa. "Na makara."

Tun daga ranar ba a sake jin motsi a bayan kurmin gora ba. Mutanen ƙauyen suna ta aiko mini da godiya, har da buhun shinkafa. Ba na jin daɗin godiyar. A duk duniyar nan mutum ɗaya ne ya taɓa tasowa nemana, ni kuma na ture shi.