Sabulun Kantar Ƙasa

A kasuwar Omdurman, can lungun da raƙumi ke zagaya turmin matsar man riɗi, Sharafaddeen ya fara ganin Hanadi. Ta zo da jarka, ta sunkuya tana shinshina man kamar mai zaɓen turare. Shi kuwa gogan ya shagala da kallo, mai ya cika ya tumbatsa har kan takalminta.

"Ya zol, kai malam, mai na zo saye, ba wanka ba," ta ce tana dariya.

"Duk wannan na miya ne?"

"Sabulu nake yi."

Tun daga ranar ya zama mai kai mata mai har gida, ko ba ta aika ba. Yakan tsaya bakin rumfa yana kallo. Ta sa safar hannu, ta zuba soda a ruwa a hankali, ta bari ya huce, ta haɗa da man riɗi da na kwakwa da garin magarya, ta yi ta juyawa har ya yi kauri kamar kunu. Sabulun ba ya ganin wuta. Idan ya daskare a akwatin katako ta yanka, ta jera a kantoci ya sha iska makonni.

Saƙonni kuwa ba a magana.

"Zumata, yau na wanke fuska da sabulunki, raƙumin Baba bai gane ni ba."

"Habibi, raƙumin ma ya gaji da ganinka ne. Ka zo gobe."

Cikas ɗaya ne, mahaifiyarsa, Hajja Nana A'isha ta unguwar Soba. Ita Ghada take so masa, 'yar ƙawarta.

"Yarinyar da ke wasa da soda mai cin hannu ce za ta tuƙa mini asida?" in ji ta.

Sharafaddeen dai Allah bai ba shi haƙuri ba. Ya ƙudura cewa sabulun ne zai yi masa yaƙi. Hanadi na shiga ɗaki kawo masa shayi, ya zari ɗaya a kantar ƙasa, wanda ya fi sheƙi da ƙamshi, ya cusa a aljihu. Bai san da safiyar nan aka yanka shi ba. Ya kai wa Hajja, wadda yake kira Yumma, ta yi wanka da shi.

Washegari hannuwan Hajja suka yi jawur, suna raɗaɗi. Ghada na yi mata fifita tana cewa, "Ai na faɗa miki, Khalti," wato Inna. Hajja ta ce kada ta ƙara jin sunan Hanadi a gidanta.

Sharafaddeen ya tura wa Hanadi saƙo: "Zumata, na ɓata komai. Na ɗauki sabulu a kantar ƙasa na kai wa Yumma."

Amsa ta zo nan take: "Kantar ƙasa?! Kada ka ƙara yi mini magana. Ga ni nan zuwa."

Ta tsallako gadar kogi zuwa Soba da sauri, don ta san idan yau ta ɓaci, shi ke nan. Ta durƙusa gaban Hajja.

"Ki yafe mini, Hajja. Sabulun nawa ne, amma ɗanye aka kawo miki. Sabo cizo yake, sai ya kwanta yake laushi."

Ta ciro tsohon sabulu daga jaka, ta taɓa shi da harshe a gaban kowa, ko gezau ba ta yi ba. Sannan ta ɗauki mai laifin ta miƙa wa Sharafaddeen.

"Kai da ka zaɓo, bismillah."

Yana ɗora harshe ya daka tsalle yana kiran ruwa, har hularsa ta faɗi. Hajja ta so ta daure, ina! Dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Wallahi haka yake tun yana ciki, bakwaini na haife shi! Matso, ya bitti, matso 'yata."

Hanadi ta matso ta shafa mata man riɗi a hannuwa, yatsa bayan yatsa. Ghada ta tuna tana da aiki a gida.

"Za ki iya da shi?" Hajja ta tambaya a hankali.

"Zan koya masa jira, Hajja."

Da za ta tafi ta nemi sabulun don ta zubar, Hajja ta hana, ta ɗora shi kan dirowa.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Gida ya cika da guɗa da hayaƙin sandal. Da aka zo wankan amarya, Hajja ta ture duk sabulan da aka jera, ta kwance bakin mayafinta, ta ciro wani sabulu. Hanadi ta gane shi tun daga yankan.

"Jiya na taɓa shi da harshe," Hajja ta raɗa mata. "Ya daina cizo. Ni ma haka."

Ta murza shi da hannuwan da ya taɓa ƙonawa, kumfa ya tashi fari tas.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai haƙurin uwarsu."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta sake tashi.