Tirelar Labaran a Gindin Ganuwa

Ranar Talata ce, ana gab da kiran sallar magariba. Barira tana tsugune a tsakar gida tana kwashe tuwo, 'yarta Radiya mai shekara goma sha huɗu tana miƙo mata kwanuka. Maigidan, Labaran, yana kwance kan tabarma a ƙofar ɗaki, barci ya kwashe shi tun bayan la'asar, don da hantsin ranar ya shigo gida bayan kwana biyar a hanya. Kaji sun shige akurki. Unguwar Kusfa da ke cikin birnin Zariya ta yi tsit, sai hayaƙin girki da ke tashi a hankali daga gidaje.

Sai aka ji jifa a kan kwanon rufi.

Barira ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Amma na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, na huɗu ya sauka kusa da tukunyar miya, kamar daga tsakiyar sama aka sako shi. Labaran ya farka, ya fita ya zaga lungu, bai ga kowa ba. Da ya dawo ya ɗauki abin ya duba, sai ya ga ba dutse ba ne. Dunƙulen jar ƙasa ne, tsohon tubali, irin wanda ba a samunsa sai a jikin ganuwa. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

Shekara goma sha tara Labaran ya yi yana tuƙa tirela, kuma an san shi da tsara tafiya. Tun kafin ya bar Legas ya san garin da zai sha mai, da inda zai yi salla, da inda zai kashe mota ya runtsa. A wannan karon gishiri ya ɗauko zai kai Katsina. Daga Mokwa ya ƙi bin Birnin Gwari saboda halin da hanyar ke ciki, ya zaga ta Bida, da niyyar ya huta a Tafa. Ya tarar Tafa ta cika maƙil, motoci har bakin kwalta. Ya ƙara gaba zuwa Mararrabar Jos, nan ma babu inda zai sa hanci. Haka ya yi ta tuƙi idonsa na yaji, har Zariya. Filin da ya saba ajiye mota a wajen Ƙofar Doka kuwa, ya tarar an zagaye shi da bulo, ana ta gina shaguna. Lungunan cikin birni ba sa ɗaukar tirela. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya hango wani fegi a gindin ganuwa, tsakanin inda ta zube da wani kududdufi, ciyawa ta rufe shi. Ya kutsa motar ciki, ya kashe, ya hau babur zuwa gida.

Ranar Laraba da safe ya koma don ya kama hanya, motar ta ƙi tashi. Bakanike ya duba batir, ya duba mai, ya wuni a ƙarƙashinta, daga ƙarshe ya goge hannu ya ce shi bai ga ciwon komai ba.

Da magaribar ranar jifa ya dawo, ya kuma zo da wani abu. A zaure, inda babu kowa, aka riƙa jin takun ƙafafu masu yawa, da tari irin na tsofaffi, da ƙus-ƙus ɗin mutanen da suka gaji. Barira ta kunna karatun Alƙur'ani a waya, wayar ta mutu a hannunta. Radiya ta tashi za ta rufe ƙofa, ta kai tsakiyar gida, sai ta tsaya cak. Ta juyo ta dubi mahaifinta da wani irin kallo da ba nata ba, sannan ta yanke jiki ta faɗi.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi fisge-fisge ba. Tana kwance a miƙe, numfashi na fita da ƙyar, kamar an ɗora mata wani nauyi a ƙirji. An kai ta wurin likita da safe, aka auna, aka ce jininta lafiya lau. Suka dawo da ita gida yadda suka tafi da ita.

Bayan la'asar ɗin Alhamis Labaran ya ɗauko Malam Sadiƙu, wani dattijon malami da aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Malam ya sa aka lulluɓe yarinyar, ya zauna a gefen kanta, uwarta na riƙe da ƙafafunta. Ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. An daɗe babu abin da ya motsa. Can sai yatsun hannunta suka fara rawa, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta tsoho, a dushe kamar ta wanda ya sha ƙura.

"Ya isa, Malam. Ka daina ƙona ni."

Malam ya tambaye shi ko shi wane ne, da abin da ya kawo shi jikin yarinyar da ba ta yi masa komai ba. Muryar ta ce shi madugu ne, jagoran ayarin matafiya daga cikin aljanu. Duk shekara idan damina ta ja baya sukan ratso ta nan, su sauka kwana bakwai a gindin ganuwa, kuma wurin zangonsu ne tun kafin a haifi kakan kowa a unguwar. Ya ce sun iso da mata da tsofaffi, sun shimfiɗa kaya ke nan, sai ƙarfe ya shigo musu. Kowa ya watse, ban da 'yarsa, wadda tayar gaba ta danne.

"Tawa tana ƙarƙashin tayarsa. Tasa tana hannuna. Abin da tawa take ji, shi tasa take ji."

Barira ta kifa kai a kan ƙafafun 'yarta tana kuka mara sauti. Malam ya ce in dai so suke a ɗauke motar, me ya sa suka ɗaure ta. Aljanin ya ce sun ga mutumin ya zo ranar Laraba zai ja ta gaba, kuma da ya yi gaba, sauran tayoyin sai sun bi ta kanta. Sai dai ya fita da baya, a kan sawun da ya shigo, ba tare da ya kauce ko taki ɗaya ba.

Daga nan ya fara ciniki. Ya nemi a yanka masa baƙin rago a bakin kududdufin. Malam ya ce ba a yanka don kowa sai Allah, kuma in ya sake faɗa zai ci gaba da karatu. Ya nemi a bar masa yarinyar har su cika kwanakinsu su tashi. Malam ya ce ko magaribar yau ba za ta same shi a jikinta ba. Muryar ta yi gurnani, jikin Radiya ya banƙare, har sai da Malam ya ɗora karatu na ɗan lokaci kafin ta lafa.

Labaran ne ya matso, a durƙushe. Ya nemi izinin Malam, sannan ya yi magana. Ya ce wallahi bai san da kowa a wurin ba. Ya lissafa garuruwan da ya nemi wuri ya rasa, ya ce ya kai inda in ya ƙara tafiyar awa ɗaya zai iya hallaka mutane a kan hanya saboda gyangyaɗi.

Sannan muryar ta ce, a hankali, "Mun san gajiya. Amma da ka shigo, ka yi sallama? Ka ambaci Allah?"

Labaran ya sunkuyar da kai. Bai yi ba.

Aka tsaya a kan cewa za su saki motar, shi kuma madugun zai fita daga jikin yarinyar da zarar taya ta ɗaga. Malam ya sa shi ya rantse da Wanda ya halicce su duka, ya kuma ja masa kunne cewa ba shi ba wannan gida har abada.

Rana ta yi ja sa'ad da Labaran ya isa gindin ganuwa. Ya yi sallama ga fili, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Motar ta tashi bugu ɗaya. Ƙasar wurin ta jiƙe, ga kududdufi a hagu, ga ganuwa a dama, ga kaya tan talatin a bayansa. Bai taɓa jin tsoron sitiyari ba sai ranar. Ya sa giyar baya, idonsa a madubi, yana bin sawun da ciyawa ta kwanta, kaɗan-kaɗan, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sau biyu bodin tirelar ya so ya karkace, ya tsaya, ya daidaita. Da tayar ƙarshe ta hau kwalta, sai ya ji ladan ya ɗaga murya.

Bai tsaya ba. Ya bi ta Ɗan Magaji ya ga babu wuri, ya wuce Samaru, ya kama hanyar Funtuwa. Bayan Shika wayarsa ta yi ƙara. Barira ce, tana cewa yarinyar ta yi atishawa uku, ta buɗe ido, ta nemi ruwa, yanzu haka tana tambayar ina Baba.

Ya gangara gefen hanya, wurin wani fili mai faɗi, babu gida babu bishiya. Ya kai hannu zai kashe motar don ya yi magana da 'yarsa a natse. Ya dubi ciyawar da fitila ta haska, tana kaɗawa. Hannun ya ƙi murɗa makullin.

"Ki ce mata ina hanya," in ji shi.

Radiya ta warke, sai dai ta yi wata uku tana jan ƙafar hagu, kuma ba ta tuna komai ba. Jifa bai sake faɗowa a gidan ba. Labaran ya ci gaba da tuƙi, amma tirelarsa ba ta ƙara kwana a Zariya ba. A Mararraba yake barinta, cikin sauran motoci, ya hau ta haya ya zo gida. In ya tarar babu wuri, sai ya wuce da kayansa ba tare da ya tsaya a garinsu ba, ya kira Barira ya ce sai a dawowa.